Kirarin Minti, Ƙanƙanen da Ya Haɗiye Shekaru

A ƙasar da ta haifi Musa Ɗankwairo da Sa'idu Faru, abin kunya ne a ce akwai basaraken da ya kwana bai sha kiɗa ba. An yi wa Sarkin Kaya na Maradun, an yi wa Sarkin Burmi na Bakura, an yi wa Sarkin Mafara. Hakimai da dagatai, attajirai da 'yan siyasa, kowa ya kwashi rabonsa na kotso. Amma ga wani mai martaba nan da ya haura shekara ɗari yana mulkinmu, ba rawani, ba dogari, ba algaita, har yau ba a sami maroƙin da ya ɗaga murya ya ce masa "a gaishe ka" ba. Ni ba ni da kotso, alƙalami gare ni, da shi zan fanshe mu daga wannan butulci.

Gaishe ka Minti, ɗan Latin jikan Babila! Ƙanƙane uban manya. Gajere mai doguwar igiya. Baƙon da ya yi sallama da "yanzu-yanzu" ya share kwana arba'in. Rigar alkawari, ba ki tsufa domin ba a taɓa sa ki ba. Rijiyar da ba ta da baki sai zurfi, guga ya shiga da ƙuruciya ya fito da furfura. Kai ne mai sa gafara sa ta yi daɗin ji har a manta da zancen ƙaho.

Sarauta ba ta tsayuwa sai da asali, asalin Minti kuwa ya isa a shimfiɗa masa buzu. Kalmar da muka ɗauko daga bakin Bature, wadda shi yake rubutawa *minute*, shi ma ba tasa ba ce. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 ya aro ta daga Faransanci da Latin, bai kuma mayar ba, kamar yadda ya saba da kayan mutane. A Latin akwai aikatau *minuere*, ma'anarsa a rage, a tauye, a ƙanƙantar. Abin da aka yi wa haka shi ne *minutus*, wato ragagge, tauyayye. Har gobe idan Bature ya ja kalmar ya ce "mainiyut", ɗan mitsitsin abu yake nufi. Dubi riƙon gaskiya irin na basarake! Wasu manya sukan binne sana'ar kakanninsu, su sa a tsaro musu salsala daga Gabas. Minti kuwa sunansa sana'arsa, kamar Maƙera da Majema. Gidansu gidan ragi ne, bai kuma taɓa zubar da gadon gida ba.

Kakansa na can nesa mutumin Babila ne, a ƙasar Iraƙi ta yau, inda masana taurari suke lissafi da sittin-sittin a maimakon goma-goma. Lamba ce da ba ta gardama. A raba ta gida biyu, uku, huɗu, biyar ko shida, ba ta barin ɓarɓashi. Malamin rabon gado zai yi marhabin da ita: ga nusufi, ga sulusi, ga rubu'i, ga sudusi, kowanne ya fito cif. Sumuni kaɗai ke fitowa da ɓari, bakwai da rabi, wato rabon matar da miji ya rasu ya bar 'ya'ya. Wannan ƙaramin abu ne, zuriyar Minti ba ta taɓa bari lissafin mai takaba ya hana ta barci ba.

Batlimus na Iskandariyya, a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya gaji wannan lissafi: digirin da'ira gida 60, kowane gida kuma a sake yanka shi 60. Larabawa suka fassara littafinsa suka kira shi Almajisti. Kashin farko a wurinsu shi ne *daƙiƙa*, siririya ke nan, na biyu kuma *thaniya*, wadda da mun aro ta da ta yi karo da saniyarmu a bakin turke. Wajen shekara ta 1000 Albiruni yana yanka sa'a da wannan wuƙa. Da ilimin ya koma Latin, kashin farko ya zama *pars minuta prima*, ƙaramin yanki na fari, na biyu ya zama *pars minuta secunda*. Bature ya tsinci minti a tsakiyar na farko, ya tsinci sakan a wutsiyar na biyu. Mu kuma da baƙin biyu suka sauka a zaurenmu, na Larabci da na Turanci, sai muka yi adalci irin namu. Muka ɗora Minti a kan karaga, daƙiƙa kuwa, wadda a garinsu ita ce minti sukutum, muka sauke ta zuwa matsayin sakan. Ko 'yar'uwarsa bai ƙyale ba. Ragi ba sani ba sabo.

Akwai wata karama tasa da ba kowa ya sani ba. Minti ya shafe ɗaruruwan shekaru kwance a littattafai, babu agogon da zai iya nuna shi. Agogunan Turai na farko hannu guda gare su, na awa. Sai bayan 1656, da Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya haɗa agogo mai lilo, sannan dogon hannun ya fara zama ruwan dare. An ambace shi, an rubuta shi, an yi ta lissafi da shi, kakanni suka shuɗe, jikoki suka tsufa, kafin ido ya gan shi yana aiki. Duk wanda ya san yadda ake ginin asibiti da shimfiɗa hanya a ƙasarmu zai gane ashe ba baƙo muka sauke ba, ɗan gida ne ya dawo daga yawon duniya.

Kafin isowarsa a cikin duhu muke. Kakanninmu ba su da komai sai asuba da hantsi da walaha, azahar da la'asar, almuru da lisha. Mutum ya ce zai zo bayan la'asar, sai kawai ka gan shi bayan la'asar, ba dabara ko ta anini. Mafara kanta da rana guda ta yi suna, ranar kasuwarta, ita kuwa Talata ba a taɓa jin ta aiko a ba ta minti biyar tana tafe ba. Tana bin Litinin ne kamar raƙumi da akala. Ƙauyanci ke nan tsagwaronsa. Su ne masu cewa rana ba ta ƙarya, alhali abin da bai iya ƙarya ba ina zai kai mutum a wannan zamani?

Alhamdu lillahi, yanzu ranar ma ta waye. Agogon Najeriya a kan layin digiri 15 na gabas aka ɗaura shi, Mafara kuwa tana kan digiri 6 da 'yan mintuna, duniya kuma tana juya digiri ɗaya a cikin minti 4. Mai ƙididdiga ya ƙididdige. Idan agogo ya buga sha biyu ya ce rana ta take tsaka, ita ranar tana can baya da wajen minti 36, tana tafe sannu-sannu kamar babban baƙo na musamman. In fitilar sama da kanta ba ta isa Mafara a kan kari, wane ne kwamishina da za a ce ya yi gaggawa?

Fadar Minti ta farko ita ce tasha, a can na fara yin mubaya'a. Da hantsi na shiga, Gusau za ni. Ɗan kamasho ya tarbe ni da fara'ar da ko a gidan surukai ban taɓa samu ba, ya karɓe jakata.

"Alhaji, taho, mutum guda ya rage. Minti biyat mun tashi."

Na leƙa na ga mutum huɗu zaune cikin natsuwa. Ina biyan kuɗi uku suka sauka, suka koma wata motar suka zauna da irin natsuwar nan. Ashe fadawa ne, aikinsu ke nan, su zauna kada baƙo ya ji kaɗaici. A cikin wannan minti biyar na karya da ƙosai, na shaida cinikin akuya da aka yi aka fasa aka sake ƙullawa, na yi azahar cikin jam'i, na kuma haddace tarihin ciwon ƙafar wata tsohuwa tun daga mulkin Gowon. Da inuwa ta fara tsawo na ce, "Malam, ina labarin minti biyar ɗin nan?" Ya dube ni da tausayi, irin duban da malami ke yi wa daƙiƙin almajiri.

"Haba Alhaji, ai shi mu ka ciki."

Ban taɓa jin sharhi mai zurfin wannan ba. Albiruni ya iya yanka sa'a guda gida 60, amma ko a mafarki bai hango za a zo a ɗura sa'a shida a cikin gida biyar, har a sami wurin kaya a but ba.

Masana harshe, da tsaurin idonsu, sun ce mintin da yara ke tsotsa ba shi da dangantaka da Mai Martaba, wai shi daga *mentha* ya fito, sunan na'ana'a a Latin. A littafi haka ne. Amma Bahaushen da ya raɗa musu suna ɗaya ya hango abin da littafi bai hango ba. Duka biyun mai kuka ake jefa wa a baki, su yi zaƙi, su sanyaya maƙogwaro, su narke, ciki kuwa yana nan yadda ya kwana.

Kada wani ya ce Minti bai san ƙa'ida ba. Da wayar salula ta shigo a 2001, naira 50 ake biyan minti ɗaya, kuma ko "salamu alaikum" ka ce layi ya tsinke, an ci minti cif, ba ragi ba canji. Kamfanoni suka yi bayani cikin ladabi cewa lissafin sakan-sakan ba abu ne na yanzu ba, har sai da Glo ya zo a 2003 ya yi shi rana tsaka. A nan muka ga mudu biyu na Mai Martaba. In zai karɓa, sakan guda minti ne. In zai biya, shekara goma ma minti ce. Malamai suna ta wa'azi a kan masu mudu biyu a kasuwar hatsi, kuma sun yi daidai, domin waɗancan ba su da lasisi.

Fada ta biyu, wadda ta fi ta farko sanyi da labule, ita ce ofis. A nan Minti yake sa alkyabbar jam'i, a kira shi minits. Masana sun ce asalin wannan shi ne ƙaramin rubutu, wato tsarin farko da akawu ke yi da ƙananan haruffa kafin a kwafe shi da manyan baƙaƙe a takardar ƙwarai. Mu dai mun riƙe ƙaramin, babban kuwa muna nan muna jiran tawada.

Wa ya kai minits iya sulhu? A yi awa uku ana ɗaga murya, ana buga tebur, wani ya kira wani ɓarawo, wani ya cire hula ya rantse. Gobe ka buɗe takarda ka tarar da layi ɗaya mai sanyi kamar ruwan randa: "Bayan doguwar tattaunawa, an amince." Wa ya amince? An. Wa ya karɓi kuɗin? An. Wa zai gyara famfon? Za a. Wannan bawan Allah, Malam An, shi ya fi kowa aiki a ƙasar nan, bai kuma taɓa neman ƙarin girma ba, kotu ma ba ta san gidansa ba. A zama na gaba sai a karanta minits na zaman baya, a ɓata awa guda ana gyara sunan wani da aka manta ba a sa masa "Alhaji Dakta" ba, wani ya kawo shawarar a amince, wani ya goya baya. Kafin a kai ga batun rijiyar da aka taru dominta, lokaci ya ƙure, an ɗage. Taro ya haifi minits, minits ya haifi taro. Ko kaza da ƙwai ba su kai su zumunci ba.

Akwai kuma ɗan ƙaramin minti da manya ke yi a gefen fayil da jan biro ko kore. Wani kawuna ya bi haƙƙinsa na ajiye aiki a wani ofis, na raka shi sau da dama, na ga ikon Allah. Akawu ya rubuta "a duba". Na sama da shi ya rubuta "sama, don umarni". Na saman ya rubuta "a zo mu yi magana". Da aka je aka yi magana sai ya rubuta "a ajiye tukuna". Kowane layi bai fi tsawon ɗan yatsa ba, kowanne kuma damina guda yake ci. Fayil yana ƙiba, kawu yana ramewa, har masinja ya fara nishi in zai ɗauko shi. Bayan mun yi sadakar arba'in na koma, na tarar da minti na ƙarshe, rubutu mai kyau kamar na allon zayyana: "A kawo shaidar cewa yana raye." Irin wannan tsantseni da dukiyar jama'a, sai dai a yi wa gwamnati barka.

Ɗan'uwan Minti na jini shi ne minista. Tushensu ɗaya, daga *minus*, na ƙasa. *Minister* a Latin bara ne, mai hidima, kishiyar *magister*, maigida. Wanda duk ya taɓa ganin jerin motocin minista ya san an riƙe wannan ma'ana da amana. Jiniyar nan da ake kurma kunnuwa da ita, bara ne ke sauri zuwa aiken ubangidansa, shi ya sa ake kore ubangidan daga kan titi da bulala don kada ya jinkirta hidimar da za a yi masa.

Duk waɗannan sharar fage ne. Mai son ganin gwanintar Minti tsantsarta, ya je Bakolori.

A taswira ma yana da sarauta. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma daga kudu zuwa arewa mita 1,852 ne. Madatsar Bakolori, wadda aka gina a kan gulbin Sakkwato aka gama a 1978, tsawonta kilomita 5 da rabi. Duka-duka minti uku ke nan. Minti uku kacal aka roƙi mutanen Maradun da Mafara da Bakura su ba gwamnati. Wane marowaci ne zai hana?

A 1969 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsa matsakaiciya. A nan ne kaɗai gidan ragi ya ga bai kamata a rage ba. Kuɗin mai sun shigo, kamfanin Impresit na Italiya ya karɓi aiki, aka yi tafkin da ya shanye hekta 8,000, aka zana filin ban-ruwa na hekta 23,000. Ragin sai aka adana shi don inda ya fi dacewa, wato wajen diyya. Kimanin mutum 13,000 aka tasa daga gidaje da fadamun da suka gada, aka haye da su tudu, inda iska ta fi kaɗawa. Na ƙasan madatsa aka karɓi gonakinsu don a baje a ja magudanai, aka sare musu itatuwa kada inuwa ta sa su lalaci, suka yi damina bayan damina ba shuka, ana awo, ana rubutu, ana zama. Na can gangaren gulbi kuwa, waɗanda ambaliya ta saba kawo wa laka da kifi da shinkafa har bakin gona, aka hutar da su daga wannan ɗawainiya. Kowa aka ce ya ɗan yi haƙuri, takardu suna hanya.

Manoma, da yake ba su yi boko ba, ba su gane mintin diyya daban yake da na agogo ba. Da damina suke ƙirga, da rumbu, da bakin yara, irin lissafin mutanen da. Daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa, wai sai an biya su. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ranar nan Minti ya kunyata masu yi masa ƙazafin nawa. Saƙon da takarda ta kasa kaiwa cikin shekaru, harsashi ya kai shi cikin mintuna, ba a nemi sa hannun darakta ba, ba a ce kowa ya dawo gobe ba. Wuta ta bi gidaje da rumbuna. Mai cewa hukuma ba ta iya gaggawa, ya je Birnin Tudu ya tambayi tsofaffi.

Sai aka zo ƙidaya, a nan gwani ya nuna shi ɗan gado ne. Manoma da 'yan adawa suka ce gawa ta haura 380. Hukuma ta zauna, ta yi nazari, ta fito da adadin da bai wuce 25 ba. *Minuere!* Wane tela ne ya taɓa rage riga haka ba a ga ɗinki ba? Wane mahauci ne ya taɓa fiɗa haka ba a ga jini a wuƙa ba? Mutum sama da 350 suka shige tsakanin layi biyu na ƙaramin rubutu, ba su mutu ba, ba su kuma koma gida ba. An sauƙaƙa wa masu haƙa kabari, an sauƙaƙa wa baitulmali, an sauƙaƙa wa tarihi nauyin kaya. Masu takaba kuwa, tun farko na faɗa, rabonsu ba ya fitowa cif a lissafin sittin. Wasu marasa ladabi, irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, sun dage sai sun kwafe abin da manyan baƙaƙe, har da buga littafi a 1982. Mutanen jami'a ke nan, ba su san darajar taƙaitawa ba.

Jinin bai tafi a banza ba, domin an ga abin da aka saya da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an tsara shi ne a kan bututun feshi masu aiki da lantarki, su yi wa manomi ruwan sama a tsakiyar rani. Sun kuwa yi, na ɗan lokaci, waɗanda suka gani suna nan suna ba jikoki labari. Daga nan injuna suka shiga hutu, magudanai suka cika da laka da ciyawa, fili ya bi sunnar gida ya ragu. Ana noman shinkafa a inda ruwa ke gangarawa da ƙafarsa, ba a ce ba a yi ba. Ba a kuma manta da sauran ba: a 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don gyaran ayyukan ban-ruwa a Arewa, har da Bakolori. Shekara 36 ke nan bayan gama madatsar, daidai da yawan mintunan da rana ke makara a Mafara, kowane minti shekara guda. Irin wannan daidaito ba aikin ɗan koyo ba ne.

Garuruwan nan uku ba a taɓa yi musu rowar minti ba. Bakura ta ba da Gwamna Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007. Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023, a shekarar kuma aka naɗa shi ƙaramin ministan tsaro, ƙarami a kan ƙarami, tawali'u ninki biyu. Shekara 20 cikin 24, sama da minti miliyan 10 a gidan gwamnati na Gusau. Wane yanki ne a Najeriya aka zuba wa mintuna haka? Da 2021 ta zo kuwa, ba garin da aka ware. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun.

Maganin da aka samo ya dace da martabar gidan: aka rage. Aka rufe kasuwannin mako, Talata ta iso a kan lokacinta, da ƙauyancinta, ta tarar da rumfuna ba kowa. Aka kashe layukan waya a faɗin jihar, aka ce na mako biyu ne, makonnin suka yi ta haihuwa. Darajar Mai Martaba ba ta taɓa hawa kamar lokacin ba, domin sai mutum ya biya kuɗin mota ya tsallaka wata jiha kafin ya sami minti ɗaya na gaya wa ɗan'uwansa yana raye. Mummunan labari kuwa ya ragu ƙwarai da gaske, tun da ba wayar da za a ba da shi.

Saura alkyabbarsa ta ƙarshe, fara sol, wadda yake sawa ranar makoki. A ranar 11 ga Nuwamban 1919 Sarki George na Biyar na Ingila ya nemi talakawansa su yi shiru na minti biyu don tunawa da waɗanda Yaƙin Duniya na Farko ya ci. Almubazzaranci irin na Turawa. Mu da muka karɓa sai muka raba shi biyu muka ajiye rabi. Minti ɗaya ya wadatar, ko mutum guda ne ya rasu ko ƙauye guda, farashi ɗaya, ba ciniki. A lissafa asarar da aka kauce wa. Da za a ba kowane mamacin Bakolori mintinsa shi kaɗai, a ƙidayar manoma, sai manya su yi awa 6 da minti 20 a tsaye cikin babbar riga, shayi ya huce, direbobi su gaji da jira. Ko a ƙidayar hukuma ma kusan rabin awa ne, wa ke da shi? Minti kuwa, mai faɗin ƙirji, yakan rungume su duka a lokaci guda, kowa ya sami ɗan ɓarɓashin daƙiƙa, ba wanda zai ce an manta da shi.

Na halarci irin wannan zama bayan wani hari, a wani zauren taro mai sanyin na'ura. Shugaban zama ya iso bayan awa biyu, ya ba da haƙurin 'yan mintunan da ya ɓata mana, ya nemi a miƙe. Muka miƙe. Huluna suka sunkuya, wayoyi suna ta ruri a aljihu. Na saci kallon agogon bango, domin tun da nake ban taɓa ganin Mai Martaba ya cika alkawari ido da ido ba. Siririn hannun ya tashi daga sha biyu, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce uku. Yana taɓa huɗu shugaba ya yi gyaran murya.

"Allah shi jiƙansu da rahama. A zauna. Sakatare, mi ya rage?"

"Ranka shi daɗe, batun alawus na zama."

Sakan 20. A tasha ya miƙe ya kai la'asar, a ofis ya miƙe ya wuce kabari, a nan kuwa, don tausayin gwiwoyin manya, ya naɗe kansa ya koma sulusi. Sakatare ya gyara zama, ya buɗe littafi, ya rubuta da ƙananan haruffa masu kyau: "An yi shiru na minti ɗaya."